Talakan birni a idon waɗanda suka zauna da shi

Hukuncin da aka saba yanke wa mazauna unguwannin talakawa a manyan birane shi ne cewa malalata ne, ba su iya tattali ba, kuma iyalansu a tarwatse suke. Masana ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa suna da hurumin ƙalubalantar wannan hukunci, domin hanyar aikinsu ita ce su tare a unguwa wata da watanni, su ga yadda kuɗi ke shiga da yadda yake fita.

Gaskiya ne cewa wannan fanni yana da nasa laifin. Oscar Lewis, wanda ya yi bincike a Meziko, shi ya yaɗa ra'ayin "al'adar talauci" a 1959, wato cewa talakawa suna gadar wa 'ya'yansu ɗabi'un da ke hana su ci gaba. 'Yan siyasa sun rungumi wannan ra'ayi hannu bibbiyu, domin yana sauke wa hukuma nauyi. Amma wasu masana na wannan fanni ne suka warware ra'ayin.

Elliot Liebow ya zauna da mazan da ke tsaye a bakin titi a birnin Washington, waɗanda mai wucewa zai ɗauka zaman kashe wando suke yi, sai ya tarar da yawansu sun kwana a wurin aikin dare, wasu kuma rauni ko rashin lafiya ya hana su aikin ƙarfi. Carol Stack kuwa, a 1974, ta ba da labarin wasu ma'aurata baƙaƙen fata a Amurka da suka gaji dala 1,500, kuɗin suka ƙare cikin kusan wata ɗaya da rabi wajen fitar da dangi daga matsala. Wanda ke kallo daga nesa zai kira wannan almubazzaranci. A ganina tanadi ne irin na wanda ba shi da inshora, domin dangin da ya taimaka yau su ne za su riƙe masa yara gobe idan aiki ya kuɓuce. A unguwar Nima ta birnin Akara ma, Keith Hart ya nuna cewa mutanen da alƙaluman gwamnati ke kira marasa aikin yi suna wuni cikin sana'o'in da ba wanda ya yi rajistarsu.

Wannan ba ya nufin unguwannin talakawa ba su da tashin hankali ko shaye-shaye, kuma masu binciken ba su ɓoye hakan ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da mummunan zato ke yi idan ya zama manufar gwamnati. Janice Perlman ta yi bincike a unguwannin marasa galihu na birnin Rio de Janeiro da ke ƙasar Brazil a 1968 da 1969, ta samu mutanen cikin tsari da ƙwazo, su ne ke gina gidajen masu kuɗi suna kuma yi musu aikatau. Duk da haka, hukumomi sun rushe unguwanni da dama suka kwashe mazaunansu zuwa gidajen da aka gina a bayan gari, inda kuɗin mota ya cinye albashi, mata da yawa suka rasa aikinsu, maƙwabtan da ke rancen juna kuma aka raba su.