Mataccen iri aka sayar mini, kuma wai laifina ne

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, in ban faɗa ba ba zan samu barci ba. Ni ɗan lambu ne a Gazawa ta arewacin Kamaru, bakin kogin mayo Tsanaga, albasa muke nomawa tun mahaifina na da rai, ba yau na fara ba balle wani ya zauna a inuwar shago ya ce mini ban iya yafa iri ba.

Farkon Oktoba na hau mashin na shiga Marwa, na je wani shago da ke sayar da iri da angire, wato takin zamani, da maganin ƙwari. Da ma Gudami muke yi, irin albasar gida da muke ajiyewa da kanmu, to da damina ɗaki ya yi yoyo nawa ya jiƙe ya lalace, shi ya sa na ce bari in sayi irin albasa ɗan Galmi na gwangwani. Mai shago ya ɗauko huɗu yana ta rantsuwa wai sabon kaya ne satin nan aka sauke. Na ƙirga masa kuɗi, kuma kuɗin nan rabi na adashi ne, rabi na tumakin maiɗakina guda biyu da ta sayar don ta taimake ni.

Na dawo na gyara fangali, na zuba ruɓaɓɓen takin shanu, na yafa iri na rufe da ciyawa, safe da yamma ina ban ruwa. Duk mai lambu ya sani, iri mai rai cikin mako guda zuwa kwana goma za ka ga ya huda ƙasa a lanƙwashe kamar zare. Kwana goma shiru. Kwana goma sha biyar ɗaya nan ɗaya can, alhali fangalin maƙwabcina da muka yafa rana ɗaya, ruwan rijiya ɗaya muke ja, ya yi kore shar. Sai na ɗebi ƙwaya ɗari cikin ragowar na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye a inuwa, ƙwaya tara kacal suka tsira. Tara! Da na juya gindin gwangwanin na ɓare wata 'yar takarda da aka manna, ashe kwanan watan ne aka kankare aka rufe. Kuma ya sani sarai irin albasa ba ya jure ajiya, in ya shekara ƙarfinsa ya tafi, balle a ɗakin kwano cikin zafin Marwa.

Jiya na koma da gwangwanayen da tsumman a hannu. Na ce Alhaji dubi abin da ka ba ni. Ko kallon tsumman bai yi ba, wai Malam ƙasarka ce ko ka cika ruwa, kaya in ya fita shago ya fita. Na ce to takardar nan wa ya manna? Wai haka suka zo masa. Ina rasit, in ji shi, shi da bai taɓa ba kowa rasit ba! Allah ya isa tsakanina da shi.

Kuma ba kuɗin irin ne ya fi ƙona mini rai ba, lokacin ne. Iri sai ya yi kusan kwana arba'in kafin dashe, in na sake yafawa yanzu sanyin hunturu da albasa ke so ya yi nisa, zan cire ta cikin zafi lokacin da kasuwa ta cika buhu ya faɗi, masu motocin Yawunde da Duwala su taya yadda suka ga dama. Ga man da na ƙona a motopom, injin ban ruwa, tunda aka cire tallafi a Najeriya a 2023 zuwa-zuwa, man fetur ɗin da ake shigowa da shi ta bayan fage, ta daina araha, a gidan mai kuwa lita ta kai sefa 840 a 2024, duk na zuba shi a kan ƙasar da babu komai a ciki.

Wai babu mai zagaya shagunan nan ne ya duba abin da ake sayar wa talaka? A kan hanya mashin ɗinka sai an tare shi an duba takarda, amma mai kankare kwanan wata yana zaune lafiya lau. Yanzu irin dashe nake bi ina saye fangali-fangali wurin maƙwabta da tsada, ko kashi ɗaya cikin uku na gonar ba zai rufe ba, kuma har yau na kasa kallon maiɗakina in yi mata maganar tumakinta.

Na samu mutum uku a garin nan da ya yi wa haka. Ranar Litinin za mu wurin Lawan, wato mai gari, mu huɗu, kowa da gwangwaninsa.