Man burodi daga Katsina

Mu 'yan Maradi Faransanci muka yi a lakwal, amma kayan da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa da Ingilishi a jikin kwalinsu suke zuwa. Ni dai bai taɓa ba ni tsoro ba, don mushenmu, wato malaminmu, ya ba mu laƙani tun muna yara: in kalma ta gagare ka, tambayi maƙwabtanta.

Rannan ƙanena ya dawo daga Katsina, ya aiko yaro da tsaraba a leda: ganyen shayi, madarar gwangwani, da wata 'yar kwalba. Ledar ma kanta shaida ce, abin da ya yi tafiya da shayi da madara ai na karin kumallo ne. A jikin kwalbar an rubuta PAIN da manyan baƙaƙe, wannan kuwa ko ɗan ajin farko ya san burodi ne da Faransanci. Kusa da shi ga cream, ɗan uwan crème ɗinmu. Can ƙasa na ga 3, wato safe, rana, dare. Har da hoton wani mutum ya dafe ƙugu ya ɗan karkace, irin tsayuwar wanda ya ci ya ƙoshi a gidan suna.

Wuri ɗaya ne ya tsayar da ni: external use only. Na gyara zama na yi nazari. A lise, wato sakandare, akwai interne, masu kwana makaranta, akwai externe, masu komawa gida su ci tuwo. Ashe don masu ci a gida aka yi shi. To ni ina nake in ba gida ba?

Da na buɗe, ƙamshin na'a-na'a ya daki hancina, na ce madalla, da ma ita muke jefawa a shayi. Na tsaga burodi, na lafta da wuƙa ba rowa.

Lomar farko sanyi na ji, har na fara sa wa ƙanena albarka. Kafin in kai "amin" harshena ya kama da wuta, hanci na zuba, ido na zuba, kunnuwana suna fitar da iska.

"Malam, lafiya?" in ji uwargida.

"Kayan Najeriya ne," na ce da kyar, "kin san su da yaji."

Ta ɗauki kwalbar ta shinshina, ba ta karanta ko harafi ɗaya ba, ta ajiye ta shige ɗaki. Ina jiyo ta tana dariya cikin matashin kai. Ina tsugune bakin randa wayata ta yi ƙara.

"Yaya, an kai wa Inna man ciwon bayan nata?"

Da la'asar na hau kabu-kabu na kai mata da kaina. Ta buɗe, ta kai kwalbar wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Kai, wannan ɓarɓashin burodin kuma na mene ne? Da shi ake shafawa?"