Canza harsashi na canza inda bindiga ke bugawa

Abin da nake yawan ji wajen maharba nan Maradi ya fara damuna: wai in dai lambar harsashi ɗaya ce, ko wanne ka saka wuri ɗaya zai buga, in ka kuskure to bindigar ce ta lalace ko madubin hangen ya goce. Na gane dalilinsu, tunda duk suna shiga bindigar daidai kuma a ido kamarsu ɗaya.

Amma lambar nan girman harsashi kawai take nunawa. Ɗauki .308 misali, akwai mai nauyin kan kusan giram 9.7, akwai mai kusan 11.7, albarushin ciki ma kowane kamfani da irin nasa, to saurin fitarsu ba zai zo ɗaya ba, yadda suke sauka ƙasa in an yi nisa ma haka. Sannan abin da mutane ba su lura da shi ba, bututun bindiga yana ɗan karkarwa lokacin harbi, kowane harsashi kuma da lokacin da yake barin baki, shi ya sa wani zai faɗa sama kaɗan wani gefe, alhali hannunka bai motsa ba. Zafin watan Afrilu namu ma yana iya ƙara wa albarushi ƙarfi in kwalin ya sha rana.

Don haka in ka canza harsashi, kafa takarda a mita 100 inda babu mutane ko dabbobi a baya, ka harba uku zuwa biyar, ka ga inda suka taru sannan ka gyara saitin madubi.