Wayar da ke tsoron ofdet, akwai abin da aka ɓoye maka a cikinta

Jama'a, shawarar da ta fi yawo tsakanin masu riƙe da wayoyin da ake kira Landan yus ita ce: "Kada ka kuskura ka yi ofdet, wayar za ta mutu." Daga Farm Centre ta Kano har Computer Village ta Ikeja za ka ji ta, kuma galibi wanda ya sayar maka ne yake faɗa, bayan kuɗi sun shiga aljihunsa. A ganina mai faɗin haka asirin kayansa ya tona. Waya mai lafiya ba ta tsoron sabunta manhajarta. Wadda ke tsoro, dabara ce ke riƙe da ita, ofdet kuwa shi ke warware dabarar.

Kulle iri uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai kullen kamfanin layi, inda waya ba ta karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da ita, irin su AT&T, T-Mobile da Verizon na Amurka. Akwai saka lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, a jerin wayoyin da aka ce an sace ko sun ɓata. Sai kullen asusu, wato iCloud a iPhone tun iOS 7 a 2013, da makamancinsa na Google a Android tun 5.1. Na farkon shi ya fi cin mutanenmu, don haka a kansa zan daɗe.

Dalilin kullen ba ɓoyayye ba ne. A Amurka kamfanin layi ne ke ba mutum waya bashi, yana biya wata-wata har shekara biyu ko uku, kullen shi ne jinginar. AT&T ba ta buɗewa sai an gama biya kuma wayar ta yi kwana 60 a kan layinta. T-Mobile kwana 40 take nema tare da cikakken biya. Wanda ya karɓi waya ya biya wata uku ya gudu, ita ce ke biyo jirgi ta iso mana da araha. Wani abin lura, Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disamban 2017, Birtaniya ma ta hana daga Disamban 2021. To idan aka nuna maka waya ƙirar bayan wannan lokaci a kulle aka ce 'yar Landan ce, sunan ne kawai na Landan.

A iPhone kullen ba a jikin wayar yake ba, yana cikin rumbun bayanan Apple. Duk lokacin da aka goge waya ko aka canza mata layi, sai ta tuntuɓi Apple ta tambaya ko an yarda da wannan layin. Kamfanin da ya kulle ne kaɗai zai iya sa a canza amsar, ita kanta Apple ba ta buɗe wa kowa. Abin da 'yan kasuwa ke yi shi ne su shimfiɗa wani siririn cif, kamar ɓawon albasa, a ƙarƙashin layinka, irin su R-SIM da Gevey. Aikinsa ya yi wa wayar ƙarya cewa layin MTN ɗin nan na kamfaninta ne na Amurka. Ƙaryar na tafiya muddin ƙofar da take bi a buɗe take. Ranar da Apple ta toshe ƙofar, ko ka goge wayar, ko wani ofdet ya sa ta sake tuntuɓar rumbun, sai ka ga "SIM Not Supported" a fuskarta. Ko kafin nan ma alamu na nan: sabis na ɗaukewa yana dawowa, batir na saurin sauka, wani lokaci saƙo ya ƙi fita. Kuma babu komawa baya, don Apple na daina amincewa da tsohuwar manhaja jim kaɗan bayan fitowar sabuwa.

Daga iPhone 14 a 2022, ƙirar Amurka ba ta da ramin layi sam, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Idan a buɗe take ba damuwa, MTN da Airtel suna bayar da eSIM. Idan a kulle take, cif bai da wurin kwanciya. Shi ya sa za ka tarar da wasu an huda jikinsu an dasa musu rami. Wayar da aka yi wa wannan tiyata kada ka yarda ta kusanci ruwa, kada kuma ka biya kuɗin lafiyayya.

Wadda aka tsallake mata iCloud ta fi wannan muni. Wata kafa da aka gano a 2019, mai suna checkm8, ita ke ba da dama a kan iPhone X da na ƙasa da ita. Ana gogewa kullen ke dawowa, kuma mai asusun na asali yana can, wataƙila ma wanda aka yi wa sata ne. Wannan ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani.

Matsalar Samsung daban ce, kuma mutane da yawa ba su san suna cikinta ba. Duba lambar ƙirar wayarka. Galaxy S21, alal misali, idan SM-G991B ce ta kasuwar duniya ce, U ta kamfanonin layin Amurka, U1 ta Amurka wadda aka saya a buɗe, W ta Kanada, N ta Koriya. A kan mai U, ofdet ta hannun kamfanin layi yake biyowa, ba kai tsaye daga Samsung ba. An daɗe da sanin cewa ƙirar AT&T kan ƙi ganin ofdet idan babu layin AT&T a ciki. Sai ka danna dubawa ta ce maka komai ya cika, alhali ta yi shekara biyu ba ta ga gyaran tsaro ba. Kada ka yarda da bakinta, ka duba kwanan watan "Android security patch level" a cikin bayanan waya.

Maganinta akwai. Fara da Smart Switch, manhajar Samsung, a kwamfuta, wani lokaci yana jawo abin da wayar ta kasa. In ya ƙi, sai filashin da Odin, manhajar kwamfuta da ake sake zuba wa wayoyin Samsung manhaja da ita, a ɗora mata manhajar U1 ta ƙirarta sak. Fayil huɗu ne: BL, AP, CP da CSC. CSC na goge komai, madadinsa HOME_CSC na barin kayanka, amma in ana sauya ta daga U zuwa U1 gara a kwashe kaya a goge. Inda masu gyara ke yin ɓarna shi ne lambar matakin manhaja. A dogon sunan manhajar, ƙirga harafi na biyar daga ƙarshe. Idan wayarka na kan 9, ba za ta karɓi 8 ba, Odin zai tsaya a tsakiya. Kada a ɗora manhajar B a kan U, don sau da yawa injin cikinsu ma ba ɗaya ba ne. Sannan a sani, filashin ba ya cire kullen layi. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari ya ci banza. Mai neman lambar buɗewa kuma kada ya yi ta gwada lambobin intanet, dama kaɗan ce, in ta ƙare wayar ta daskare sai an nemo wata lambar ta daban.

Ko babu kulle, kowace waya na da ranar da ake yaye ta. iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, 6s da 7 a 15, 8 da X a 16, XR da XS a 18. Galaxy S9 ta tsaya a Android 10, S10 a 12, S20 a 13. A 2025 WhatsApp ta koma neman iOS 15.1, nan take iPhone 6 ta fita daga layi komai kyan jikinta. Android da ke ƙasa da 7.1.1 kuwa shafuka da dama na ƙin buɗe mata tun 2024 saboda takardar shaidar tsaron da ba ta gane ba. Manhajojin banki ma haka suke ɗaga matakinsu a hankali. Abin haushi, kamfanonin sun iya in sun so: Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024 an yi musu alkawarin shekara 7. Amma mu har yanzu jiki muke saye, ana juya waya ana neman ƙarzuwa, ba mai tambayar shekara nawa suka rage mata.

Gaskiya masu tsoron suna da ɗan abin kamawa. A Disamban 2017 Apple ta amsa cewa tana rage wa wayoyi masu tsohon batir gudu, a 2018 kuma iOS 11.3 ya kashe taɓawar wasu iPhone 8 da aka canza wa gilashi, sai 11.3.1 ya gyara. Amma maganin wannan shiri ne. Jira mako ɗaya ko biyu ka ji labarin masu irin wayarka. Kwafe kayanka, tabbatar kana tune da kalmar sirrin asusunka, bar sarari mai yawa a ma'ajiya, caji ya haura 50, a kan Wi-Fi. Ɗumi da shan caji na kwana ɗaya ko biyu bayan ofdet ba ciwo ba ne. Batirin da lafiyarsa ta sauka ƙasa da kashi 80 kuwa canji yake so.

A shago, kafin ka miƙa kuɗi, ka yi wannan a gaban mai kaya. Danna *#06# ka gwada IMEI da na cikin saiti. A iPhone shiga Settings, General, About, ka nemi Carrier Lock, dole ka ga "No SIM restrictions". Zaro tiren layi da hannunka ka ga ko akwai cif. Saka layinka, ka kira, ka kunna data ka ga ko 4G ta hau, don wasu ƙirar Amurka ba su da zangon sabis na 4G mai lamba 20 ko 28 da ake amfani da su a nan, sai su bar ka a 3G. Daga ƙarshe ka ce a goge wayar kaf a sake kunna ta da layinka a kan intanet. Minti goma zuwa sha biyar ne. Idan ya fara cewa ai babu buƙata, ko caji ba zai isa ba, ka ajiye masa kayarsa ka leƙa shago na gaba.