Garwa na da kakar ƙwallo, me ya hana ta kakar kiɗa?

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, manyan ƙungiyoyin makaɗa na biranen Turai, waɗanda ake kira okestira, sukan buɗe kakarsu ta kiɗa, ba kuma za su rufe ba sai wajen watan Yuni. Tun saura watanni a fara an riga an buga jadawali: daren kaza kiɗan Mozat, bayan mako biyu na Chaikofski, wata ranar Lahadi da yamma an keɓe ta domin yara, wani daren kuma za a gabatar da sabon kiɗan da wani matashi ya tsara, wanda kunne bai taɓa ji ba. Mai sha'awa yakan biya kuɗin kujerarsa na kakar gaba ɗaya tun da wuri, makaɗi kuwa ya san abin da zai kaɗa a watan Maris tun ana tsakiyar damina, ya kuma san albashinsa na nan tafe ƙarshen kowane wata.

Ra'ayina shi ne, abin da ya kamata mu yi sha'awa a wannan al'amari, mu mazauna Garwa da Marwa da Ngaundare da 'yan'uwanmu na Njamena, shi ne jadawalin kansa da irin zaman da yake haifarwa tsakanin makaɗi da mai saurare. Kiɗan Betoben yana da daɗi ga wanda ya saba da shi, amma ko da ba a kaɗa shi sau ɗaya ba a bakin Binuwai, garinmu na bukatar kakar kiɗa.

Ga yadda daren yakan kasance. Makaɗa kamar sittin zuwa ɗari suna zaune sahu-sahu, masu goge irin na Turawa, manya da ƙanana, a gaba, masu busa a bayansu, masu ganguna can ƙurya. Kafin jagora ya fito, mai busa obo, wata 'yar'uwar algaita ce da ake yi wa baki da siririn kara, zai ja sauti guda ɗaya mai tsawo, kowa ya daidaita kayansa da shi, sai zaure ya yi tsit. Bisa al'ada akan buɗe da gajeren kiɗa na share fage, a biyo da kwanchato, inda gwani guda, mai fiyano ko mai goge, yake musayar zance da sauran jama'ar, a tafi hutu, a dawo a rufe da simfoni, wato dogon kiɗa mai sassa da dukan makaɗan ke yi tare, wanda kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda. Masu tsara jadawali suna da wata dabara da suka daɗe suna yi: sukan saka baƙon kiɗa a tsakanin sanannu biyu, ta yadda wanda ya zo domin abin da ya sani ba zai fita ba sai ya ɗanɗani abin da bai sani ba. Nan amfanin bambancin yake. Mutumin da ya zauna dare goma a kaka guda, ya ji na ƙarni na 18 da na ƙarni na 20, ya ji na Jamus da na Rasha da na Amurka, kunnensa zai fara rarrabewa, ya fara cewa wannan ya fi wancan, ya kuma iya faɗin dalili.

Mu a nan ba gwanaye muka rasa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamido ranar hawan salla ya ga mai algaita kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana fitar da ita ta baki a lokaci guda, sauti bai yanke ba har tsawon mintoci. Wannan fasaha ce da ɗalibai a makarantun kiɗa na Turai kan sha wahala kafin su iya. Ga masu kakaki, ga masu kalangu da ke sa fata ta yi magana, ga masu goge da garaya da molo. Sai dai dukkansu kiɗansu rataye yake da sha'anin wani: biki, suna, naɗin sarauta, taron siyasa. Ba a taruwa domin kiɗan shi kaɗai. Makaɗi na cikin zuba gwanintarsa za a ga wani attajiri ya shigo, dole ya katse ya koma kirari, domin daga liƙin nan tuwon gidansa zai fito. Idan lokacin bukukuwa ya wuce, ko azumi ya kama, ko kuɗi ya yi wuya a gari, sai ya jingine kayansa ya nemi acaba ko gona. Ɗansa na kallon wannan duka, shi ya sa da wuya ya yarda ya gaje shi.

Turai ma ta bi ta wannan hanyar. Haidin, wanda ya tsara simfoni sama da 100, bafaden wani gidan sarauta ne, gidan Estahazi, ya kama aiki a wurinsu a 1761, yana sa kayan barorin gida, yana tsara abin da ubangidansa ke so a ranar da yake so. Sai bayan kusan shekara 30, a 1791, ya tafi Landan, inda wani mai shirya taro ya sayar wa jama'a tikitin jerin darare, a can ne ya yi simfoni 12 da har yau ake ƙirga su cikin mafi kyawun aikinsa. A birnin Laifzig na Jamus kuwa, 'yan kasuwa ne suka haɗa kuɗi a 1743 suka ɗauki makaɗa aiki, a 1781 suka koma wani zaure a ginin dillalan tufafi, kuma ƙungiyar na nan da ranta har gobe, tana amsa sunan wannan ginin. Abin da ya fitar da kiɗansu daga fada zuwa gari shi ne mutanen gari sun yarda su biya tun kafin su ji.

Na san za a ce wannan harkar Turawa ce, ba ta dace da mu ba. Tarihin nahiyarmu bai goyi bayan wannan magana ba. Alƙahira ta kafa okestirarta a 1959, Gana ma a shekarar ta kafa tata a zamanin Nkrumah. A Legas, ƙungiyar masu kiɗa ta Najeriya, MUSON, na aiki tun 1983, tana da zaurenta da makarantarta a Onikan. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Kinshasa, inda Armand Diangienda, tsohon matuƙin jirgin sama kuma jikan Simon Kimbangu, jagoran addini na Kwango wanda cocinsu ke amsa sunansa, ya tara 'yan cocin a 1994, akasarinsu ba su taɓa riƙe goge ba. Kayan kiɗan ba su isa ba, sai karɓa-karɓa ake yi. Idan tsirkiya ta tsinke akan maye ta da wayar birkin keke. Daga baya wasunsu suka koyi sassaƙa kayan da hannunsu. Da rana wani na gyaran lantarki, wata na sayar da abinci, da yamma su haɗu su yi atisaye, har suka kai ga kaɗa simfoni na 9 na Betoben, wanda aka fara ji a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1824. Ko a ɓangaren masu tsarawa akwai baƙar fata tun da daɗewa: Joseph Bologne, wanda aka haifa a tsibirin Gwadaluf na yankin Karibiyan a 1745, mahaifiyarsa baiwa ce, ya jagoranci ɗaya daga cikin fitattun ƙungiyoyin kiɗa na Faris, Fela Sowande na Najeriya kuma ya zuba waƙoƙin Afirka ta Yamma cikin kiɗan goge tun a shekarun 1940.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan raina ta ba. Albashin mutum tamanin wata goma sha biyu, ga zaure, ga kaya, ga takardun kiɗa, nauyi ne da ko biranen Turai ba sa ɗaukarsa da kuɗin tikiti kaɗai, sai da tallafin hukuma da na masu hali. Garin da ke fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin ruwan famfo ba shi da hurumin fara irin wannan. Ga kuma yanayi: bushewar hunturu na tsaga katakon goge, tana sa gam ya saki, zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 kuwa yana karkatar da sautin fiyano, mai gyaransa kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Duk wanda ya zo wa magajin gari da takardar neman miliyoyin sefa domin sayo kayan okestira cikakkiya daga Faransa, a sallame shi da girma da arziki. Bayan shekara biyu kayan za su zama abincin gara a wani sito.

Abin da zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta. A ɗauki watanni huɗu na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a sa dare biyu a kowane wata, a buga ranakun tun watan Satumba, a duba kalanda kada su faɗa cikin azumi. Dare ɗaya a ba makaɗan fada, da izinin Lamido, su zauna su yi kiɗansu daga farko har ƙarshe ba tare da doki ya gitta ba, wani dattijo ya bayyana wa jama'a taken kowane sarki da asalinsa. Wani daren a gayyato masu goge huɗu daga Yawunde ko Duwala, tun da Haidin da Mozat sun bar tarin kiɗa na mutum huɗu wanda ba ya bukatar lasifika, kuma kayan mutum huɗu mota guda ta ishe su. Akwai mawaƙan coci a garuruwanmu da suka iya karanta rubutun kiɗa, akwai masu badujala na soja, akwai makaɗan Fulani da na Kotoko da na mutanen duwatsun Mandara, akwai masu garaya daga Chadi da gadar Kusiri kawai za su tsallako. Mutumin Garwa da ya san kalangu tun yana goye, mai yiwuwa bai taɓa zama ya saurari kiɗan maƙwabcinsa na Mokolo da kunnen basira ba, balle na Biyana.

Sai dai a yi hattara da gaggawar gwamutsa su a dandamali guda. Fiyano an raba muryarsa gida goma sha biyu daidai wa daida, algaita da gogenmu kuwa suna tafiya ne bisa nasu ma'aunin, galibi mai hawa biyar, kuma tazarar hawan ba lallai ta faɗa kan ta fiyano ba. Idan aka tilasta wa mai algaita ya bi fiyano, an rage masa abin da ya sa ake son jin sa. Idan aka bar kowa ya yi nasa, hayaniya za a samu. Haɗin yana yiwuwa, marigayi Toumani Diabaté na Mali ya kaɗa kora, kayan kiɗan ƙasarsu mai tsirkiya da yawa, tare da okestirar Landan a 2008 kuma abin ya yi armashi, amma sai da aka sami masu tsarawa da suka zauna suka fahimci ɓangarorin biyu. A kakar farko ya isa a jera su kusa da juna, kowa da darensa ko da rabin darensa.

Wa zai biya? Garwa ta riga ta san amsar a wani fagen. Kulob ɗin Coton Sport, wanda kamfanin auduga na Sodecoton ke ɗaukar nauyinsa, ya kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, kuma yaro ƙarami a unguwa ya san ranar da za a buga wasa a filin Rumde Ajiya, domin akwai jadawali, akwai mai ɗaukar nauyi, akwai kuɗin ƙofa. Kakar kiɗa ta dare takwas ba za ta ci ko kusa da abin da kulob ke ci ba. Attajiran gari goma ko ashirin, da kamfani ɗaya ko biyu, da zauren da hukumar birni ko jami'a za ta bayar aro, sun isa. Amma ina da sharaɗi biyu. Na farko, a sayar da tikiti, ko da na sefa 500 ne ga ɗalibi, domin wanda ya biya yakan zo da wuri ya kuma yi shiru, sannan a biya makaɗi ladan da aka yi yarjejeniya a rubuce, a hana liƙi a cikin zaure. Na biyu, kada jadawalin ya shiga hannun ofishin gwamnati ko na jam'iyya. Gini a zamanin Sékou Touré ta ɗauki makaɗa aikin gwamnati, ta raba musu kaya, an kuma sami kiɗa mai inganci ƙwarai, amma da yawa daga cikin waƙoƙin yabon jam'iyya ne da shugabanta. Idan makaɗinmu zai bar yi wa attajiri kirari ya koma yi wa gwamna, ba a yi komai ba. Kwamiti ƙarami na masana kiɗa, wanda ake sauyawa bayan 'yan shekaru, shi ya kamata ya zaɓi abin da za a kaɗa, mai ba da kuɗi kuwa a rubuta sunansa a bayan takardar shiri, iyakarsa ke nan.

Akwai iyaye da malamai da ke ƙyamar taron kiɗa, kuma idan aka dubi abin da kan faru a wasu wuraren casu, ba a ga laifinsu ba. Wanda ya ɗauki fatawar haramcin kayan kiɗa gaba ɗaya, ba wanda zai ja shi dole. Amma mafi yawan ƙorafin da ake ji a gari a kan shaye-shaye ne da raba dare da cakuɗuwar da ba ta da kan gado, kuma zaman saurare bai gaji ko ɗaya daga cikinsu ba. Ana iya farawa bayan sallar isha'i a tashi kafin ƙarfe goma, kowa a kan kujerarsa, magidanci da iyalinsa.

Kowane baƙon makaɗi da aka gayyato, a sa cikin yarjejeniyarsa cewa washegari da safe zai zauna da ɗalibai na sa'a biyu, haka ma sarkin makaɗan fada. Jami'ar Marwa na nan tun 2008, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022, ga makarantun sakandare birjik. A naɗi kowane dare da na'ura mai kyau, a rubuta sunan mai kiɗa da sunan taken da wanda ya koya masa, a ajiye kwafi a ɗakin karatun jami'a, domin da yawa daga cikin dattawan da suka san taken fada ciki da waje sun manyanta, kuma ba kowannensu ne yake da almajiri ba.