A Zuba Ni a Koren Akwati

An tashi hutun cin abinci a babban taron yaƙi da yunwa, karo na uku ke nan tun safe. Dakta ya ciko faranti ya zo ya tsaya a kan Baba, wanda aka ɗauko a matsayin wakilin ƙananan manoman duniya, shi kaɗai tilo. Katunan shiga taro sun fi goma a wuyan Dakta, in ya motsa sai su yi ta kacau-kacau kamar makullan mai gadi. Alhaji yana gefe yana duba farashin alkama a waya.

Dakta: Baba, ka ji jawabina?

Baba: Na ji, ranka ya daɗe. Sau biyu tafi yana tashina.

Dakta: To albishirinka. Nan da 2030 an gama da yunwa a duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince tun 2015, muradi na 2 cikin muradun ci gaba 17.

Baba: Kamar na taɓa jin wannan albishir a rediyo ina saurayi.

Dakta: Na 1974 ka ji, a birnin Rum. A can ne Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya ce cikin shekara goma ba yaron da zai sake kwana da yunwa.

Baba: Yaran fa?

Dakta: Sun girma. Ka ga yanzu ba yara ba ne. Sai muka koma Rum a 1996, ina wurin, ga katina, muka yi alkawarin raba yawan mayunwata biyu kafin 2015.

Baba: Su nawa ne a lokacin?

Dakta: Sun haura miliyan 800.

Baba: Yanzu fa?

Dakta: Wajen miliyan 733 a 2023, in ji FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Baba ya yi ta lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare bai kai ga rabin ba.

Dakta: Bar wahalar da kanka. Mu a wannan fanni ba ma kasawa, wa'adi muke ɗagewa. Faɗi buƙatarka in sa ta a rahoto.

Baba: Ni dai taki ne ya fi ƙarfina. In gwamnati za ta rage mana kuɗinsa...

Faranti ya kusa suɓucewa daga hannun Dakta. Ya waiga hagu da dama kamar an zagi wani babba.

Dakta: Tallafi! A cikin wannan zaure? Baba, tallafi yana gurɓata kasuwa. Na rubuta takarda shafi casa'in a kan haka, an fassara ta har cikin Faransanci.

Baba: Ai na ji wani Bature ɗazu yana cewa Tarayyar Turai tana kashe kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafinta a kan manoma.

Dakta: Wannan ba tallafi ba ne.

Baba: Kuɗi ne?

Dakta: Kuɗi ne.

Baba: Gwamnati ce ke bayarwa, manomi ya sa a aljihu?

Dakta: Haka ne, amma akasarinsa yana cikin koren akwati. Tsaya in koya maka, ɗalibaina sai sun biya kafin su ji wannan. Tun da aka kafa WTO, ƙungiyar ciniki ta duniya, a 1995, aka kasa kuɗin da gwamnati ke ba manoma gida uku, ana ce musu akwatuna. Akwai ruwan ɗorawa: in an ba manomi kuɗi gwargwadon abin da ya noma, ko an ɗaga masa farashi, wannan yana da iyaka. Akwai shuɗi: a ba ka kuɗi da sharaɗin ka taƙaita noman. Akwai kore: a ba ka kuɗi ba tare da an duba buhu nawa ka samu ba. Shi wannan ba shi da iyaka.

Baba: Ko ban samu buhu ko ɗaya ba?

Dakta: Ba ruwan akwati da buhu.

Baba: Dakta, don girman Allah a zuba ni a koren.

Dakta: Sai gwamnatinka tana da kuɗin zubawa.

Baba: In ba ta da shi fa, ta ce za ta sayi hatsina ta adana saboda shekarar fari?

Dakta: Sai a auna farashin da ta ba ka da farashin duniya na 1986 zuwa 1988. Abin da ya ɗora a kai, tallafi ne, ya faɗa ruwan ɗorawa.

Baba: Farashin 1986? Ni ma a sayar mini da taki a kuɗin 1986, mu rabu lafiya.

Dakta: Indiya ta yi irin wannan surutu naka a taron WTO na Bali a 2013, aka ba ta sassauci na wucin gadi. Ina wurin. Ga katina.

Ya laluba ya ɗago kati, ashe na wani taron kiwon kifi ne. Bai damu ba, tunda Baba ba ya karanta boko.

Baba: To wanda aka kama ya yi na ruwan ɗorawa fiye da kima, ɗaure shi ake yi?

Dakta: Akwai shari'a. Brazil ta kai Amurka ƙara a kan tallafin auduga, ta kuma yi nasara.

Baba: Madalla! Sai Amurka ta daina.

Dakta: Sai ta amince a 2010 ta riƙa ba Brazil dala miliyan 147 duk shekara.

Baba: Wato ta ci gaba da ba nata manoman, ta ƙara da na mai ƙara?

Dakta: Sasantawa ake ce masa.

Baba: Su kuma waɗanda ba su da kuɗin lauya?

Dakta: Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali sun kai kukansu tun 2003. An kafa musu ƙaramin kwamiti.

Baba: Ƙarami ma.

A nan Alhaji ya ɗago kai. Tun ɗazu bai ce uffan ba, don mai sito ba ya shiga maganar da ba riba a ciki.

Alhaji: Baba, bar Dakta da akwatinansa. Ni na ga 2008, Allah kada ya maimaita mana.

Ya faɗa yana murmushi har kunne.

Alhaji: Cikin 'yan watanni farashin shinkafa a kasuwar duniya ya ninka kusan sau uku.

Baba: Fari aka yi?

Alhaji: Ina! Tsoro aka yi. Indiya ta rufe ƙofar fitar da shinkafa, Vietnam ta rufe, masu saye suka ruga kowa yana neman na shekara a rana ɗaya. Shinkafar tana nan a sito tana kallon mutane. A Haiti har firaminista ya rasa kujerarsa. Na tausaya ƙwarai. A shekarar na ƙara jirgin ruwa.

Dakta: Haitin da ta sauke harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 a 1995. Kyakkyawan misali ne na buɗe kasuwa, yana babi na huɗu a takardata.

Alhaji: Ai Bill Clinton, shugaban Amurkan da ya matsa a yi hakan, da kansa ya ce kuskure ne, a 2010.

Dakta: Bai karanta babi na huɗu ba.

Mai ɗaukar hoto ya iso. Aka miƙa wa Baba sabuwar fartanya mai takardar kanti a jiki, aka ce kada ya yi dariya, rahoton na masu ba da agaji ne. Dakta ya zaro dami ɗaya daga kayan adon zaure ya rungume.

Dakta: A ɗauke ni da alkamar nan, ita ce ta hana duniya barci a 2022 da aka toshe tashoshin Yukren.

Baba: Shinkafa ce, ranka ya daɗe.

Dakta: A rubuce alkama ce.

Baba: Ta roba ce ma.

Aka ɗauki hoton a haka. Ƙararrawa ta kaɗa, za a koma zama na gaba mai taken rage asarar abinci. Dakta ya dire farantinsa ko rabi bai ci ba, yana tuna wa Baba cewa FAO ta ƙiyasta a 2011 kashi ɗaya bisa uku na abincin duniya lalacewa yake yi ko a zubar, kuma shi ne zai jagoranci zaman. Ma'aikata suka turo wani ƙaton kwandon shara, kore shar, suna juye farantai a ciki ɗaya bayan ɗaya. Baba ya bi shi da fartanyarsa a kafaɗa, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

Baba: Dakta! Dakta, dawo, ga shi na gani!

Dakta: Me ka gani?

Baba: Koren akwatin. Gaskiyarka, ba shi da iyaka. A ina ake rubuta suna?