Kwangilar gini: ba sunan tsarin ke cinye kuɗin ba

Duk mai leƙa binciken da ake yi a sassan koyar da gini na jami'o'inmu zai ga inda aka karkata. Da can tsohon tsari ake tattaunawa: mai zane ya gama zane, mai ƙiyasi ya fitar da takardar adadin kaya da farashi, a tallata aiki, ɗan kwangila ya gina. Sai hankali ya koma kan ba kamfani ɗaya zane da gini gaba ɗaya. Daga nan haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa ya shigo, musamman bayan dokar 2005 da ta buɗe masa ƙofa, yanzu kuma neman kwangila ta intanet ake yayi. A Ingila ma tun rahoton Sir Michael Latham na 1994 kan harkar gini ake kiran mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, da ɗan kwangila su daina zaman doya da manja.

Ba ni da ja a kan batutuwan. Inda nake da magana, malamaina, shi ne yadda ake binciken. A raba wa injiniyoyi takardar tambayoyi, kowa ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5, a tara, a ce tsari kaza ya fi. Wannan ra'ayin mutane aka auna, ba gini ba. Gaskiyar tana cikin fayil ɗin kwangilar: nawa aka sa wa hannu, sau nawa aka canza zane, yaushe aka biya kowace takardar shaidar aiki, nawa lissafin ƙarshe ya tsaya.

Mu ɗauki ƙasar Jos. Wani filin, ka haƙa ƙasa da mita ɗaya ka ci karo da dutse. Wani kuma, wajen Bukuru da Rayfield, tsohon ramin haƙar kuza ne da aka cike, ƙasar ba ta zauna ba. Idan aka tallata aiki ba a gwada ƙasa ba, mai ƙiyasi zai sa haƙa ta yau da kullum da tushe mai sauƙi. Ranar da aka fara tono sai a nemi injin fasa dutse, ko a sake zanen tushe ya koma shimfiɗar kankare mai cin rodi. A tsohon tsari mai aiki ne zai biya wannan ƙarin. A tsarin kamfani ɗaya nauyin yana kan ɗan kwangila, don haka ko dai ya cusa kuɗin a farashinsa tun farko, ko ya rama a wurin da ido ba ya gani: rodin milimita 16 ya koma 12, siminti ya ragu a kwaɓi. Tsarin bai kawar da dutsen ba, wanda zai biya kawai ya canza.

Sai maganar mafi araha. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 cewa ta yi a ba wanda farashinsa ya fi ƙasa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan tantancewa. Rabin farko na jumlar ake riƙewa. Wanda ya karya farashi ƙasa da kuɗin kaya ba sadaka ya zo yi ba, canjin zane yake jira.

Kuɗin somin aiki ba ya wuce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwangilar a dokar, gyaran 2020 ya kai iyakar kashi 30. Dokar ta kuma ce biyan da ya wuce kwana 60 ya makara, akwai kuɗin jinkiri a kansa. Ɗan kwangila nawa ne ke da ƙarfin halin nemansa, alhali yana son aiki na gaba? Bayan an bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama farkon 2024. Kwangilar da ba ta da sharaɗin sake duba farashi, ko wane suna aka raɗa mata, tsayawa ta yi.

Ɗalibin da ke neman batu ya roƙi fayil 20 na ayyukan da aka kammala, ya ware waɗanda aka gwada ƙasarsu kafin talla da waɗanda ba a gwada ba, ya kwatanta kuɗin farko da na ƙarshe. Samun fayilolin zai yi wuya, amma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar nema a rubuce, ta kuma ba ma'aikata kwana 7 ta amsa.